Buhun Gero a Kujerar Kawu

Ni na yanke wa motar sifirin, da hannuna, da zarton ƙarfe. Gara in faɗa tun farko, don idan taubashina ne yake ba da labarin nan cewa yake mai walda ne ya yanke, mai walda kuwa ya rasu, ba shi da bakin kare kansa.

Shekarar ita ce wadda gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, ta haɗa musu da na watannin baya a dunƙule. A Daura duk wanda yake sa hannu a takarda ƙarshen wata sai da kansa ya ɗan juya. Masinja ya sayi babur. Wani akawu da na sani ya sayi firji alhali ba a kai wa unguwarsu wuta ba, ya riƙa ajiye takalmansa a ciki. Taubashina, ɗan wan mahaifiyata, malamin firamare ne, shi mota ya sa a gaba. Mahaifinsa ya cika masa abin da ya rage, aka je Kano aka taho da wata farar mota, ta hannu amma mai lafiya. Sharaɗin tsohon ɗaya ne: duk Lahadi a kai shi kasuwar shanu ta Mai'aduwa, a dawo da shi.

Tsohon shi ne Kawu. Fataucin shanu ya gada, kuma mutum ne da Allah bai yi wa rowar jiki ba. Idan ya sa babbar riga ya tsaya a ƙofar zaure, na ciki sai sun kunna fitila. Telansa yakan auna rabinsa yau, ya dawo gobe ya ƙarasa. Amma wannan ba magana ce da ake yi ba. A gidanmu kana iya cewa sa ya yi ƙiba, kana iya cewa rago ya yi ƙiba, Kawu kuwa sai dai ka ce yana cikin ƙoshin lafiya.

Ni lokacin shekarata biyu da dawowa daga Kano, inda na koyo kanikanci. Kawu bai taɓa son sana'ar ba. A ganinsa ɗan ƙanwarsa sanda ya kamata ya riƙe ya bi garke, ba ya kwanta ƙarƙashin motar wani baƙin mai yana ɗigar masa a baki ba. Da Inna ta matsa masa da roƙo, ya ba ni wani kangonsa a bakin hanyar Zango, na kafa rumfar kwano, na haƙa rami. Ranar da ya ba ni wurin ya ce, "Aro ne. Ranar da na ga wasa kake yi, shanu zan ɗaure a nan." Ba ni da wani wurin bayan wannan. Idan ya karɓe, sai dai in naɗe sifanu in koma Kano in sake zama yaron wani, ko in ɗauki sandar.

To, sai aka tura taubashina kwas Kaduna na sati shida. Ya dawo da wando mai faɗin ƙafa da ke share titi kyauta, da suma kamar an kifa masa kwando, da magana guda: motarsa ta yi tsayi.

"Ɗan mace," ya ce, haka yake kirana tun muna yara, "ka ga motocin samarin Kaduna kuwa? A ƙasa suke, kamar suna shinshinar kwalta. Tawa kamar raƙumi."

Na ce, "Ticha, su kwalta suke shinshina. Taka me za ta shinshina, kashin jaki?"

"Ka iya ko ba ka iya ba?"

"Hanyar Mai'aduwa fa? Gargadar nan ko haƙorin roba sai ta zubar."

"Idan ba ka iya ba ka faɗa, in kai wa wanda ya gama koyo."

Nan ya same ni. Na ɗaga motar, na kwance ƙafafun gaba, na fito da sifirin ɗin nan biyu masu murɗi da ke ɗauke da nauyin gaban mota, na cire wa kowanne zagaye ɗaya da rabi. Mai walda, wanda rumfarsa take jikin tawa, ya riƙe mini su kawai ina yanka, shi ne duk laifinsa. Da muka sauke jak, motar ta durƙusa da gaba kamar kaza a kan ƙwai. Gaskiya ta yi kyau. Taubashina ya zagaya ta sau bakwai. Muka yi alkawari mu uku cewa Kawu ba zai ji ba, na jefa guntayen ƙarfen bayan durom.

Ranar Lahadi bayan la'asar sai ga motar ta tsaya a gaban rumfata, ta yi jajur da ƙasar hanya. Kawu bai sauko ba. Na je na durƙusa ta gefen tagarsa na gaishe shi.

Ya ce, "Motar nan tana da ciwo a gaba."

"Wane irin ciwo, Kawu?"

"Tana ƙara."

Ƙarar gaban mota iri-iri ce, kuma kowacce da mai ita. Bol-joyin, wato gaɓar da ƙafa take juyawa a kanta, idan ya cinye yana ƙwas-ƙwas kamar ana ɓare gyaɗa. Bushin na roba idan ya bushe kuka yake kamar tsohon ƙyaure. Boris na cikin taya gurnani yake, yana ƙaruwa da gudu. Ubangidana na Kano yakan ce kada ka taɓa sifana sai ka sa mai mota ya yi maka kukan da bakinsa. Don haka na ce, "Kawu, yaya take yi?"

Ya dube ni. Dillalansa biyu da ke baya, wasu Fulani sirara kamar karan dawa, suka sunkuyar da kai.

"So kake in yi maka kukan mota?"

"Ko kaɗan ne, Kawu."

Sai ya ce, "Dum." Ya ƙara, "Kamar sa ya tunkuyi turke. Nan, ƙarƙashin ƙafata."

Taubashina yana riƙe da sitiyari yana kallon gabansa kamar bai taɓa ganina ba. Shi ne ɗan fari, tsakaninsa da mahaifinsa ba doguwar magana. Su je Mai'aduwa su dawo, abin da zai shiga tsakaninsu bai wuce "tsaya" da "mu je" ba.

Litinin da sassafe taubashina ya kawo motar kafin ya tafi makaranta. Na bi ta yadda aka koya mini. Na ɗaga ƙafar dama, na kama taya sama da ƙasa na girgiza, babu motsi. Na kama ta gefe da gefe, tayarod, sandar da ke haɗa taya da sitiyari, lafiya lau. Na zura ƙarfe na banƙare bushin ɗaya bayan ɗaya. Na bi duk notin da na kwance ranar yanka na sake ɗaurewa har jijiyar wuyana ta fito. Na sauke ta, na hau kan bamba na yi ta tsalle kamar mai kirɓa ƙasar gini. Shiru. Ni kuwa a lokacin, idan na cire sifanun aljihuna iska tana iya kai ni Zango ba kuɗin mota. Na shiga na bi hanyar Zango, na faɗa kowane rami da gangan. Motar ta yi tauri, tana buga ƙugu, amma babu dum.

Na ce wa taubashina, "Kai kana jin ƙarar?"

"Ranar Lahadi kawai."

"Sauran ranaku fa?"

"Ko tari ba ta yi."

Mai walda ya ce to ai magana ta fito, hanyar ce. Laraba da aka tashi daga makaranta muka ɗauki hanyar Mai'aduwa ni da taubashina, yana tuƙi ina gefe, na leƙa kaina ta taga har ƙasa ta cika mini kunne. Akwai wani kwalbati da ya ce nan ta fi bugawa. Mun haye shi a hankali, mun haye shi da gudu, mun haye shi da baya. Wani manomi da ke ɗaure dammunan gero ya bar aikinsa ya zo ya tambaye mu ko wani abu muka yar.

Bakanike idan bai ji ƙara ba, kuma ba ya son a ce bai ji ba, canje-canje yake farawa. Na canza bol-joyin na dama, wanda ba abin da ya yi wa kowa. Na ɗura giris duk inda ya karɓa. Na ce wa taubashina an gama.

Lahadi ta biyu Kawu ya ce, "Dum ɗin tana nan."

Na hau motar Kano na sayo shokazoba sabo, shi ne ƙarfen da ke shanye tsallen mota, na ɗaura.

Lahadi ta uku ya sauko daga motar. Saukowar ta ɗauki lokaci, sai da ya dafa ƙofa, ƙofar ta yi ƙara ita ma. Ya shigo rumfar, abin da bai taɓa yi ba. Ya dubi ramin, ya dubi kwanon, ya taka daga wannan bango zuwa wancan yana ƙirga taku a ransa. Na san me yake aunawa.

Ya ce, "Wurin nan zai ɗauki shanu ashirin."

Ya juyo ya dube ni, ya ci gaba.

"Ni idan aka kawo mini saniya tana ɗingishi, ba na yanke mata ƙaho in ce na yi magani. Sati biyu kana cire wa motar nan kayan ciki. Lahadi mai zuwa idan na ji dum, ka kwashe ƙarafanka. Akwai garken da zai tafi Kudu, ana neman mutum."

Ba faɗa ya yi ba, Kawu ba ya ɗaga murya. Ya juya ya koma wajen motar, ni kuma na bi shi don in rufe masa ƙofa. A nan ne na ga abin da ya kamata in gani tun Lahadin farko. Kullum idan sun zo yana ciki, ni kuma ina durƙushe ina kallon ƙasa. Ranar nan ina tsaye a gaban motar ya shiga. Ya sa ƙafa ɗaya, motar ta sunkuya. Ya zauna, sai na ga tayar dama ta shige cikin madigadi kamar kunkuru ya mai da kai. Da suka tashi na bi su da kallo, motar tana tafe a karkace kamar jakin da aka yi wa lodi gefe guda.

Na zauna a bakin rami. Mai walda ya leƙo ya ce lafiya?

Na ce, "Na gano ƙarar."

"Mene ne?"

"Kawu ne."

Ya waiga hagu da dama, ya ce, "Ni ban ji ba," ya koma rumfarsa.

Lissafin ba wuya. Sifirin yana da iyakar inda yake lanƙwasawa kafin ƙarfe ya sami ƙarfe. Na yanke kusan rabin wannan tazarar na jefa bayan durom. Abin da ya rage ya ishe ni, ya ishi taubashina, ya ishi Fulani biyu. Kawu idan ya zauna ya cinye sauran, rami kaɗan sai ƙafar ta daki jikin mota. Amma zato ne, ban ji da kunnena ba, kuma na riga na canza abu biyu a kan zato. Hanyar tabbatarwa ita ce in sa Kawu a mota in yi ta hawa kwalbati da shi. Wa zai je ya ce wa Kawu ya zo a gwada mota da shi? Kuma idan ya tambayi dalili in ce me?

Da na faɗa wa taubashina, sai da ya cire tabarau ya goge.

"Ɗan mace, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na sani, Ticha. Ko dai ka faɗa masa mun yanke sifirin, ko ka faɗa masa ya yi nauyi. Zaɓi ɗaya, ai kai ne mai ilimi."

"Kai ka yanke."

"Kai ka je Kaduna."

Ya ce akwai dabara: a mai da Kawu kujerar baya. Manyan mutane yanzu a baya suke zama, a kusurwa, direba yana gaba. Ya ce ni ne mai baki, ni zan je. Talata na sami Kawu a zaure yana cin goro. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce a Kano yanzu duk wani attajiri a baya yake zama, har da masu jiragen ruwa, gaba ta zama wurin yaran mota.

Ya ce, "Su attajiran Kanon makafi ne?"

"A'a, Kawu."

"To ni ina son in ga abin da zai kashe ni tun yana nesa. Kuma in koma baya, wa zai zauna a gaba? Dillalina? A shiga kasuwa a ga yana gaba ina bayansa?" Ya tofar da goro. "Ka gyara mota."

Saura kwana biyar. Laraba na tsallaka wajen mai sayar da hatsi da ke daura da mu na ce ya ara mini buhun gero biyu na awa ɗaya. Ya ce aron gero bai taɓa ji ba, na ce ba ci zan yi ba, yawo zan kai su. Muka kinkimi ɗaya muka zaunar a kujerar gaba, a tsaye, ya jingina. Taubashina ya ce ba za a ɓata masa kujera ba, kuma ba ya son gari ya ga abin da muke yi, ya je gida ya ɗauko farin zanen gado muka lulluɓe buhun tun daga sama har ƙasa. Kafin mu tashi na karɓi alli a aljihunsa, malamin makaranta ba ya rabo da shi, na shiga rami na goge duk inda nake zargi a ƙafar dama: bakin sifirin, robar da ke tare shokazoba idan ya kai ƙarshe, da cikin madigadi. Duk inda ƙarfe ya taɓa, allin zai nuna.

Da buhu ɗaya muka haye ramukan hanyar Zango, ina baya na kasa kunne. Shiru. Muka dawo muka cusa na biyun a wurin ƙafa, muka ja zanen ya rufe. Motar ta karkace daidai yadda na gani ranar Lahadi.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne mutanen Daura. Kowa ya san farar motar, kowa ya san wanda yake zama a gabanta cikin fararen kaya. Ba mu yi nisa ba wani mai keke ya dira, ya cire hannu ɗaya ya ce, "Barka da rana, Alhaji." Wani dattijo da ke zaune gindin bedi ya yunƙura ya miƙe ya ɗaga hannu biyu. Wani mahauci har da rusunawa da tire a kai. Taubashina ya nutse cikin kujera yana salati, ni kuma ina baya na cusa hula a baki. Buhu bai amsa wa kowa ba.

Ramin farko na kirki da muka faɗa, sai ga ta. Dum. Daidai yadda Kawu ya yi ta da bakinsa, har na ji ya burge ni. Muka sake, dum. Na ce a juya.

A rami na ga komai. Allin da ke kan robar ya goge tas, robar ma ta tsage ta baje kamar an taka ɗanwake. Samanta ƙarfe ya yi ƙyalli inda yake daka. A cikin madigadi taya ta shafe allin ta bar baƙin layi. Bol-joyin ɗin da na cire da tsohon shokazoba suna gefe a ƙasa, lafiyarsu ƙalau, kamar suna hararata.

Ina cikin ramin ne na ga inuwa ta rufe rumfar. Na san ba hadari ba ne, kaka ta yi.

Da ƙafa Kawu ya zo, da sandarsa. Ashe dattijon nan na gindin bedi abokinsa ne tun na makarantar allo. Bai tsaya ko'ina ba sai zauren Kawu, ya ce shekara hamsin suna tare, yau don ɗansa ya yi mota zai gaishe shi ya ɗauke kai? Kawu ya ce shi tun azahar bai taka ƙofar gida ba. Suna cikin haka mahaucin ya aiko a tambaya ko ya yi wa Alhaji wani laifi ne.

Kawu ya zagaya ta gefen dama, ya sa bakin sanda ya ɗaga zanen. Ya daɗe yana kallon buhunan. Taubashina ya tuna yana da aiki a bayan rumfa. Mai walda ya kunna wutarsa ya rufe fuska da gilashi, alhali ba abin da yake liƙawa.

"Fito," in ji Kawu.

Na fito na durƙusa.

"Wane ne wannan?"

"Gero ne, Kawu."

"Na ga gero ne. Wa yake wakilta?"

Na duba, ƙarya ta ƙare mini, abin da bai cika faruwa ba. Na tashi na je bayan durom na ɗauko guntayen sifirin ɗin nan biyu na ajiye a gabansa. Na faɗa masa abin da na yanke, da ranar da na yanke, da yadda tazarar ta ragu. Na ce idan an ɗora wa gefen dama kaya sai ƙarfe ya sami ƙarfe. Kaya na ce, ban ce kowa ba. Na nuna masa allin da robar da ta fashe. Na ce abubuwan da na canza ba su da laifi, laifin zartona ne.

Ya juya guntun ƙarfen da sanda.

"Wa ya sa ka?"

"Ni na yanke, Kawu."

"Na ji. Wanda ya sa ka yana bayan rumfa, ina ganin ƙafar wandonsa." Ya dafa sandarsa. "Tun Lahadin farko gwiwata ta faɗa mini an taɓa motar nan. Da idan na buɗe ƙofa sauka nake yi. Yanzu sai na yi hawa kamar mai fitowa daga rijiya. Na ɗauka tsufa ne."

Ya sake duban kujerar. "Buhu nawa kuka sa?"

"Biyu."

"Kun zalunce ni."

"Da ɗaya ba ta yi ƙarar ba, Kawu."

"Ɗaya da rabi ne, da 'yar tiya uku. Shekara arba'in ina yi wa sa kallo ɗaya in faɗi namansa, ba zan san kaina ba? Rage rabi ka gwada."

Aka kira mai hatsi ya zo da kwano ya rage rabin buhu, ya mayar da tiya uku, Kawu yana tsaye yana duba awon. Taubashina ya fito daga ɓoyo ya shiga ya tayar. Kawu ya ce a cire zanen tukuna. Muka je ramin muka faɗa. Dum. Da muka dawo na ce masa ta yi, ya gyaɗa kai kamar an sallama masa ciniki.

"Yanzu mene ne maganin?"

Mai walda ya ɗaga gilashi ya ce ai ana iya liƙe guntun a mayar. Na ce a'a, sifirin idan ya sha wuta ya mutu, zai karye a hanya, kuma a gefen Kawu zai karye. Sai dai a sayo wasu, a mayar da motar tsayinta na da, a sa sabuwar roba. Na ji taubashina ya ja numfashi a bayana, Kaduna tana fita daga jikinsa.

Kawu ya ce, "Kafin Lahadi?"

"Gobe zan shiga Kano."

"To." Ya juya zai tafi, ya tsaya. "Mutum uku suka gaishe da geron nan, har da mai keke, an faɗa mini. Kafin ka tafi Kanon ka bi su gida-gida ka amsa musu. Ka faɗa musu abin da suka gaisar."

Haka na yi. Mahaucin ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Mai keken ya ce shi dama ya ga Alhaji ya ɗan rame. Dattijon gindin bedi bai yi dariya ba, ya ce in sake faɗa daga farko, ya kira maƙwabtansa su ma su ji, na sake. Har na bar sana'ar akwai masu zuwa rumfata su ce mota tana ƙara, buhu nawa za su kawo. Kuma ina sa su kawo ɗin. Tun daga ranar ban sake neman ƙara a mota ba sai na tambayi wa yake shiga, a ina yake zama, me ake ɗora mata.

Asabar na ɗaura sababbin sifirin, motar ta miƙe ta koma raƙuminta. Taubashina ya tsaya yana kallonta kamar an aske masa sumar. Ya ce, "Ɗan mace, ka cuce ni." Na ce ya rage faɗin wandon ya sa tayoyi a ciki, sai ya riƙa shinshinar kwalta da kansa.

Lahadi bayan la'asar ina zaune a bakin rumfa, ban iya taɓa aikin kowa ba tun safe. Sai ga su. Motar ta rage gudu, na tashi na je na durƙusa ta gefen taga.

"Sannu da hanya, Kawu."

"Yauwa."

"Yaya hanya?"

"Shanu sun yi tsada."

Na jira. Yana ta kallon gabansa yana tauna goro. Da na ga taubashina zai sa giya, na ce, "Kawu, maganar kangon fa?"

Ya dubi rumfar, ya dubi ramin, ya dube ni.

"Shanun ba su iso ba tukuna," ya ce. "Mu je."

Duk shekara bayan kaka nakan je in gaishe shi in sake tambaya, amsar ba ta canzawa. Shekara goma sha tara ina wurin, har Allah Ya yi masa rasuwa shanun suna hanya.